Injin da Ba Ya Ƙin Sallahu

Abubuwa uku ne suka riƙe duniya tun ranar da ɗan Adam ya fara zaman gari: noma, haƙar rijiya, da kai saƙo. Na farko da na biyu sun sami makaɗa da kirari. Na uku kuwa, wanda in babu shi sarakuna ba sa sulhu, fatake ba sa sanin farashi, a garinmu hannuna ya faɗo. Fadarsa wani ɗaki ne mai taga ɗaya a bayan ofishin hedimasta, tsakanin kwalayen alli da wata tsohuwar taswirar duniya da gara ta cinye mata rabin Asiya.

Ranar da na zo cibiyarku ta koyon kwamfuta gyaran na'urar buga takarda, na ji ɗayanku yana cewa kafa sabar imel, wato injin da ke karɓa da kai wasiƙun intanet, aikin rabin awa ne, ya gani a bidiyo. Na ci gaba da gyarana. Ni tsohon malamin aji ne, na san ba a gyara wa saurayi kuskure a gaban 'yan mata. Amma hangen Dala ba shiga birni ba ne, shi ya sa na zauna na rubuta muku wannan.

Asalina malamin lissafi ne a sakandaren garinmu, can gaba da Rimin Gado, inda gona ke haɗa kafaɗa da gona har ba ka sanin inda ƙauye ya ƙare wani ya fara. A dogon hutu nakan shiga birni wurin Baba Bukar in koyi aikin kwamfuta. Kakanninsa daga Barno suka zo da fataucin kanwa, suka zauna a Kano har Barbarcin ya gudu ya bar musu gaisuwa kawai. Ya yi aikin wayar tangaraho yana saurayi, ya tsufa a kan saba. Shagonsa bai fi akurkin kaji girma ba, amma manyan kamfanoni a tsaye suke jiran sa.

Ranar farko na zo da sabon littafin rubutu da biro biyu ina jiran lacca. Sai ya zaunar da ni gaban wani baƙin allo da rubutu ke tafiya a kansa kamar jerin tururuwa, ya ce, "Karanta." Wannan shi ne littafin shige-da-fice na injin. Duk wasiƙar da ta ƙwanƙwasa ƙofa sai ya rubuta daga ina take, wa take nema, an karɓe ta ko an mai da ta, da dalili. Mako uku ina kallon tururuwan nan. A na huɗu haƙurina ya ƙare.

"Baba, yaushe za a fara koya mini aikin?"

"Malam Sabo, ai ka kusa gamawa. Inji ba ya ƙarya, kuma ba ya ɓoye laifinsa. Duk abin da ya aikata sai ya rubuta da hannunsa. Damuwarsa ɗaya, ba ya samun mai karantawa."

Dokokinsa ba su da yawa. Ka canja abu ɗaya, ka gwada, ka rubuta a takarda abin da ka canja, sannan ka taɓa na biyu. Sai wani layi guda a cikin tsarin injin, wanda ke gaya masa wasiƙun su wa zai ɗauka ya kai gaba. Baba Bukar ya ɗora yatsa a kansa ya ce kada in kuskura in sassauta shi. Na rubuta, na ja layi biyu a ƙasa, irin jan da malami ke yi wa abin da ba zai sake dubawa ba.

Aikina na farko ni kaɗai shi ne wanda na tsufa a kansa. A lokacin makarantarmu ce kaɗai ke da layin intanet na kirki, wata eriya a kan dogon ƙarfe da wani shiri ya kafa ya yi gaba. Gidaje huɗu suka nemi adireshi na kansu: makaranta, asibitin sha-ka-tafi, ƙungiyar manoma, da wasu 'yan kasuwa masu sayen hatsi. Inji kuwa ɗaya muke da shi. Kun san adireshin imel kashi biyu ne: sunan mutum, sai wata "a" mai naɗaɗɗiyar wutsiya, sai sunan gida. To ku ɗauka zaure ɗaya ne gidaje huɗu ke shiga ta cikinsa, ga dattijo a zaune, duk wasiƙar da ta zo ya dubi sunan gida, ya dubi sunan mutum, ya jefa ta a akwatin mai ita. Dattijon nan shi ne saba. Sai ka koya masa sunayen gidajen huɗu, ka ware wa kowane gida jerin mutanensa, don kada takardar malamar asibiti ta faɗa hannun mai awon dawa. Sannan ka je babbar rajistar intanet ka rubuta wa kowane gida cewa wasiƙunsa a kawo su wannan zaure. Na manta da na 'yan hatsi. Kwana biyar wasiƙunsu suna yawon duniya suna neman ƙofa, kamar baƙon da aka yi wa kwatance da bishiyar da aka sare.

Kayan aikina ba su cika jaka ba. Tsohuwar kwamfuta ce da aka yi gwanjonta daga wani ofis, da batir biyu manya, da inbata, da faifan sola huɗu a kan rufi. Akwai fanka ta tsaye da ba ta taɓa fifita ɗan Adam ba, injin take wa hidima ko da ni ina zufa. Akwai buroshin fenti na share cikinsa, da filaya ta matse kan waya, da bututun roba da na zura duk wayoyin a ciki bayan ɓeraye sun nuna mini cewa su ma suna sha'awar ilimin zamani. Kowace Juma'a kafin masallaci nakan kwafe komai a wani faifai na biyu, in naɗe shi a tsohuwar hula in kai gida. Bidiyonku bai gaya muku tsaka na iya shiga akwatin wuta ta kashe kanta ta kashe wasiƙun gari guda ba. Ni na binne ta.

Sai masu hulɗa. Ƙungiyar manoma kaɗai tana da Musa tara, inji kuwa Musa ɗaya yake karɓa a gida ɗaya. Dole na koma ga sunayen da gari ya san su da su: Musa Dogo, Musa Kanti, Musa na Inna. Musa Gajere ya zo har makaranta ya ce shi ba za a aika gajartarsa ƙasashen waje ba, muka daidaita a kan Musa Mai Rake.

Shugaban ƙungiyar shi ne Alhaji Garba, manomin da ya ciyar da rabin garin a shekarun wahala, bai kuma taɓa ɗora yatsa a kan kwamfuta ba. Sakatariyarsa Hajiya Tabawa ce, tsohuwar malamar firamare da ta koya wa yawancinmu baƙi da wasali. Da yatsa ɗaya take bugawa, tabarau a kan hanci, kuma ba ta shiga magana sai ta gaida mai karɓa, da iyalinsa, da gajiyarsa, da ruwan bana. Na taɓa ce mata a imel ba a doguwar gaisuwa. Ta dube ni ta saman tabarau ta ce, "Sabo, ni na koya maka rubuta wasiƙa." Ban sake ba.

Wata hantsi Alhaji Garba ya yi sallama a ƙofar ɗakin, ya ƙi zama.

"Malam Sabo, ashe injin nan naka tambayar mutane yake yi?"

"Tambayar me, Alhaji?"

"Malamin gona na ƙauyen gaba ya so ya aika takarda birni ta wurinmu, wai injin ya ce bai san shi ba."

"Ai ba ɗan gida ba ne, Alhaji. Ba shi da akwati a nan."

"Ni akwati na ce ka ba shi? Sallahu zai bayar! Tun da uwarka ta haife ka a garin nan, ka taɓa ganin an miƙa wa mai tafiya birni sallahu ya ce sai an faɗa masa kalmar sirri? Direbobinmu sun kai kaza, sun kai ƙullin daddawa, sun kai maganin ciwon ƙafa ga mutanen da ba su taɓa gani ba. Yau ƙarfe da muka ajiye muna yi masa fifita shi zai ja mana abin faɗa a maƙwabta?"

Da zan ce tilasta mini aka yi, da na yi ƙarya. Maganar ta shige ni, don ni ma a kan sallahu na tashi. Ina makarantar kwana, ƙuli-ƙulin da innata ke aiko mini ta hannu huɗu yake bi, bai taɓa zuwa da giɓi ba. Abin da ya kamata in yi shi ne in yanka wa malamin gonan mukulli nasa. Sai na ga gobe wani zai zo, jibi wani, kowa da tasa hanyar. Na buɗe tsarin injin, na sami layin nan da Baba Bukar ya ɗora wa yatsa, na gaya wa dattijon zaure cewa daga yau duk wanda ya miƙo masa saƙo ya karɓa ya kai, kada ya tambayi kowa. Har wani daɗi na ji, kamar na yi wa ƙarfe tarbiyya.

Abin da ban lissafa ba, ni malamin lissafi, shi ne tashar garinmu kowa ya bi ta cikinta an san kakansa. Ƙofar injin kuwa a bakin titin duniya take.

Wannan ita ce shekarar da ƙwari suka shiga rumbuna suka mai da irin wake gari. Gero da dawa sun tsira, amma wake shi ne miyar gida, shi ne harawar dabbobi, shi ne abin da mata ke juyawa. Sai wani ofishin aikin gona a birni ya fitar da sanarwa cewa zai raba sabon iri mai saurin nuna. Sharaɗi: kowace ƙungiya ta aiko da jerin sunayen mambobinta ta imel, daga adireshin da ofishin ya sani, kafin wata Juma'a. Ba a karɓar takarda a hannu, ba a karɓar waya, don a baya wasu sun kai sunayen mutanen da suka daɗe a ƙasa. Hajiya Tabawa ta bi gida-gida da lema da littafinta har ta haɗa kowa. Ta buga jerin da yatsanta ɗaya, ta aika ranar Litinin, saura kwana goma sha ɗaya.

Talata da safe wasiƙar ta dawo.

Tun daga ƙofa na ji injin yana huci. 'Yar fitilar da ta saba ƙyaftawa ta tsaya cak a kunne. Na buɗe littafin shige-da-fice, wanda in gaskiya za a bi na yi wata biyu ban leƙa ba, na tarar tururuwan sun zama ambaliya, ido ba ya iya bin su. Layin wasiƙun da ke jiran fita ya cika ya batse. Na buɗe ɗaya: wata ce wai matar wani marigayin attajiri, tana neman mai amana ya riƙe mata akwatin zinariya. Ta biyu maganin ƙarfin maza. Ta uku da wani rubutu da ko a taswirata gara ta riga ta cinye ƙasarsu. 'Yan damfarar duniya sun gano akwai wani inji a ƙauye da ba ya ƙin sallahu, suka yi ta loda masa, shi kuma bawan Allah yana ta kaiwa, da sunan garinmu a goshinsa.

Manyan gidajen wasiƙa na duniya suna da jerin injinan da aka kama da irin wannan ɗabi'a. Wanda ya shiga jerin, ko gaisuwar Sallah ya kawo ba a buɗe masa ƙofa. Injinmu ya yi baƙin jini, kuma da yake zaure ɗaya ne, baƙin jinin ya shafi gidajen huɗu har da jerin Hajiya.

Na hau mota sai shagon Baba Bukar. Ya karanta abin da na kwafo masa, ya ɗago.

"Wa ya buɗe ƙofar?"

"Ni ne, Baba."

"Alhamdu lillahi. Da ka ce aljanu ne da aikin ya yi tsawo. Me ya kai ka?"

Na ba shi labarin sallahu. Ya yi dariya har tari ya sarƙe shi, ya sha ruwa, ya ce, "Wallahi Alhajin naku mutumin kirki ne. Kai ne dai aka aika makaranta." Sannan ya ƙirga mini aikin a yatsu: in rufe ƙofa, in tsince layin, in rubuta wa masu riƙe da jerin baƙin jinin in nemi afuwa, in jira. Na ce na huɗun fa kwana nawa ne? Ya ce, "Ɓata suna hantsi ɗaya ne. Wanke shi kuwa, sai yadda mai sabulu ya ga dama."

Rufe ƙofa bai ɗauke ni minti biyu ba. Tsintar layin ita ce aiki. Ba a share shi gaba ɗaya, domin a cikin tarin shara akwai wasiƙun mutanenmu na gaskiya, kamar tsintar tsakuwa a shinkafa, sai dai a nan shinkafar ce kaɗan. Kwana huɗu ina tacewa da sunan mai aikowa, in ware, in duba, in zubar. Na tsamo ashirin da uku. Sannan na zauna na rubuta takardun ban-haƙuri da Turancin da na fi ji da shi zuwa ga mutanen da ban san fuskarsu ba: na yi kuskure, na gane, na gyara, ba zan ƙara ba. Shekara da shekaru ina karɓar irin wannan takarda daga ɗalibai, sai a ranar na san da wuyar rubutawa.

Ana cikin haka hadari ya fara haɗowa daga gabas. Ranar Lahadi aka yi ruwan shuka, gari ya fita da gero. Kun san wake bayan gero yake bi da 'yan makonni, in lokacinsa ya wuce ya wuce. Kullum da safe Alhaji Garba yana bakin ƙofa.

"Ta tafi?"

"Tana layi, Alhaji."

"Wannan layi naka ya fi na asibiti. A ba direba ya kai musu mana."

"Sun ce ba sa karɓar takarda."

"To aika ta wayar surukina."

"Sun ce sai daga adireshin ƙungiya."

Ya girgiza kai. A hanya kuwa mutane sun daina tambayata lafiyar iyali. Musa Mai Rake ya tare ni a bakin masallaci ya ce, "Malam, in ce dai ba sunana ne ya yi wa injin nauyi ba?"

Abin da ya fi mini wuya shi ne gaya wa Alhaji cewa ƙofar ta rufu ke nan har abada, kowa sai da kalmar sirri. Na zaɓi ranar da Hajiya Tabawa take wurin. Ya saurara, fuska a murtuke, ya ce shi dai bai ga yadda za a yi gari ya ƙi sallahu ba don wasu ɓarayi da ba a san garinsu ba. Hajiya ta cire tabarau.

"Alhaji, in tambaye ka. Mutum ya taɓa faɗo maka cikin gida ba sallama?"

"Wa zai fara?"

"In ya yi sallama daga zaure me kake cewa?"

"In ce wane ne."

"To rowa ce wannan?"

Hajiya ta mai da tabarau. Ta ce, "Injin ba ƙin sallahu zai yi ba. Cewa zai yi wane ne. Kalmar nan da kake ƙi, sallama ce. Malamin gona a yanka masa tasa, ya riƙa yi kamar kowane ɗan mutunci."

Alhaji ya gyara hula ya ce, "To ai da haka Malam Sabo ya faɗa tun farko." Na karɓi wannan ma, tare da sauran.

Ranar Talata ɗaya daga cikin manyan gidajen wasiƙa uku da na rubuta wa ya cire sunanmu daga jerinsa. Laraba wani ya bi. Na uku, wanda ofishin gonan ke dogara da shi, ya yi gum. Alhamis bayan la'asar, saura kwana ɗaya, na sake dubawa na ga babu mu. Na aika a kira Hajiya, don ita ta haɗa jerin, ita ya kamata ta danna. Ta karanta gaisuwarta daga farko har ƙarshe, ta gyara waƙafi ɗaya, ta yi bisimilla ta danna. Muka zuba wa baƙin allo ido. Layi ɗaya ya fito: an karɓa. Ban taɓa karanta jimlar da ta fi ta daɗi ba, kuma na karanta littattafai ba laifi.

Bayan mako biyu babbar mota ta shigo gari da buhuna. Kowa ya samu, aka shuka a kan kari, waken ya yi kyau. Alhaji Garba ya tsaya a ƙofar masallaci ya gaya wa jama'a cewa Malam Sabo ya yi kwana goma yana kokawa da Turawan duniya har ya kayar da su. Da kaka kwanon wake ya riƙa shigowa gidana daga gidajen da ban taɓa shiga ba, har maiɗakina ta ce in na sake ɓata injin sana'ar alala za ta buɗe.

Saboda haka in kun tashi kafa taku sabar, ku kafa, ba sihiri ba ne. Rabin awan nan na bidiyo gaskiya ne, a cikinsa ake kunna inji. Sauran shekarun na karanta abin da ya rubuta ne kowace safiya, da sanin halin mutanen da kuke yi wa aiki, da sanin naku halin, wanda ya fi nasu haɗari. Kirkin da ya raya garinku ba lalle ne ya san hanyar titin duniya ba. Ku riƙe shi, amma ku sa masa ƙyaure.

Bayan shekara biyu, a wurin wani ɗaurin aure a Ungogo, aka zaunar da ni tabarma ɗaya da wani ma'aikacin ofishin gonan nan. Na ga dama ta samu, na ba shi labarin tun daga sallahu har ranar Alhamis. Ya saurara da ladabi yana cin shinkafarsa. Da na gama ya suɗe hannu ya tambaye ni wane akwati muka aika wa. Na faɗa masa.

Ya ce, "Ayya, Malam. Mai riƙe da kalmar sirrin wannan akwatin an yi masa canjin wurin aiki tun kafin sanarwar ta fita. Da jerin bara muka raba, muka ƙara wa kowane gari buhu biyar, don mun san mutane ƙaruwa suke yi. Akwatin har yau ba a buɗe shi ba."